Daga Gidan Haya Zuwa Gidan Kai: Me Ya Kamata Ya Fara Shiga Sabon Gida?

Daga wakilinmu a Ngawundere

Masu iya magana sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Duk magidancin da ya taɓa zaman haya a Ngawundere ko Garwa ya san gaskiyar wannan magana, musamman a ƙarshen wata, lokacin da mai gida kan turo yaro ya tsaya a bakin ƙofa yana rangaɗa sallama, alhali albashi bai fito ba, ko kasuwa ta yi nauyi. Shi ya sa ranar da mutum ya karɓi makullin gidansa na kansa, 'yan'uwa da abokan arziki kan yi ta zuwa yi masa barka kamar wanda ya dawo daga aikin Hajji. Abin da ba kasafai ake gaya masa ba shi ne, daga wannan rana ce wani sabon aikin zai fara, aikin da kan ɗauki shekaru, wanda kuma idan aka yi shi cikin gaggawa yakan iya raba mutum da gidan da ya sha wahala kafin ya samu.

A kwanakin baya mun buɗe layin waya a shirinmu na rediyo a kan wannan batu, inda muka tambayi masu sauraro abin da suka fara saya bayan sun tare a gidajensu. Har lokacin shirin ya ƙare waya ba ta huta ba. Maza dai kujerun falo suka fi ambata, mata kuma labule da ledar ƙasa. 'Yan ƙalilan ne suka yi maganar takarda ko rufi. Ba mu yi mamaki ba, domin mu kanmu da kujeru muka fara, mun kuwa ji a jikinmu. Wannan ne ya sa muka zagaya unguwanni, muka zauna da kafintoci da magina da dillalai da masu unguwa, domin mu kawo wa mai karatu abin da muka gano da kuma abin da ya same mu.

Gari Na Faɗi, Haya Na Tashi

Ngawundere ta yau ta yi nisa da wadda iyayenmu suka sani. Tun da layin dogo ya iso garin a 1974, ya zama nan ne ake sauke kayan da za su wuce Garwa da Marwa da Njamena, mutane suka riƙa kwararowa neman abinci. Ƙidayar 1987 ta samu mutum kimanin 78,000 a garin, ta 2005 kuwa ta samu sama da 150,000, yayin da Garwa ta haura 235,000. Jami'ar da ke Dang, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, ta jawo ɗalibai da malamai daga kowane sashe na Kamaru har da Cadi. Aikin shimfiɗa bututun man Cadi zuwa Kiribi tsakanin 2000 da 2003 ya kawo nasa 'yan ci-ranin. Daga baya rikicin Afirka ta Tsakiya na 2013 da 2014, da na Boko Haram a Arewa Mai Nisa, da kuma satar makiyaya don neman kuɗin fansa a dazukan Adamawa, duk sun sa iyalai da yawa sun sayar da abin da ya rage musu sun dawo cikin gari.

Tsofaffin unguwanni irin su Tongo da Sabongari da Balaji sun cika, don haka masu neman gida suka fuskanci Bamyanga da Gada-Mabanga da Marza da hanyar Dang. Masu gidajen haya kuma suka ga kasuwa ta buɗe, har ya zama sai mutum ya biya kuɗin watanni da dama a dunƙule kafin a ba shi makulli.

Akwai hukumomin da gwamnati ta kafa domin harkar gidaje. SIC tana gina gidaje tun 1952, MAETUR mai yanka filaye da kuma bankin Crédit Foncier mai ba da bashin gini an kafa su a 1977, har ma akan cire kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikata domin asusun wannan banki. To amma samun irin wannan bashi yana buƙatar albashi tabbatacce da takardun fili cikakku, abin da ɗan kasuwa ko mahauci ko ɗan acaɓa ba ya da shi. Saboda haka akasarin mutanenmu da kuɗin adashe, ko na shanun da aka sayar, ko na gado suke sayen gida. Ma'anar wannan ita ce, ranar da aka biya kuɗin gida aljihu ya riga ya yi ƙaf, sai a tare hannu rabbana.

Yadda Muka Fara Da Kujeru

Mu dai mun shekara 17 muna haya a Sabongari kafin Allah Ya hore mana wani tsohon gida mai ɗaki uku a wajen Bamyanga, a watan Fabrairun 2023. Amalanke biyu da wata ƙaramar mota suka kwashe duk abin da muka mallaka. A daren farko mun shimfiɗa tabarma a falo, muka kunna fitila, yara suna ta ihu don su ji muryarsu tana dawo musu daga bango. Babu labule, sai zannuwan uwargida muka rataya a tagogi. Duk da haka ba mu taɓa yin barci mai daɗin na wannan dare ba.

Da gari ya waye sai 'yan barka suka fara zuwa. Kowa ya shigo sai ya waiwaya yana neman inda zai zauna, mu kuma kunya ta riƙa kama mu. Mutumin da ake jin muryarsa a rediyo, a ce baƙinsa a ƙasa suke zama? Kafin mako biyu mun je mun ɗauko kujeru na zamani, mun biya rabi, sauran a kan za mu riƙa biya wata-wata. Uwargida ta ja hankalinmu tun a lokacin, ta ce, "Malam, ka dubi silin ɗin nan kuwa? Wannan tabon ai na ruwa ne." Muka ce mata damina da saura.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauko a watan Afrilu da tsakar dare. Kafin asuba kujera mai zaman mutum uku ta sha ruwa ta ƙoshi, robobi da kwanuka suna jere a ƙasa suna tarar ɗigo. Ba mu gama jimamin wannan ba, sai ga wata baiwar Allah ta yi sallama tare da ɗanta, ta ce ita ƙanwar wanda ya sayar mana da gidan ce, aure ya kai ta wani gari, gidan kuma na gadon mahaifinsu ne, ba a ba ta kasonta ba, ba a ma shaida mata an sayar ba.

Takarda Kafin Tabarma

A nan ne muka buɗe takardar da ke hannunmu muka sake karanta ta da idon basira. Takardar ciniki ce irin wadda aka saba, da sa hannun mai sayarwa da namu da na shaidu, da hatimin jauro. Mafi yawan gidajen unguwanninmu da irinta suke sauya hannu, kuma tana da amfaninta, tunda tana nuna cewa an biya kuɗi a gaban mutane. Sai dai dokar ƙasa ba ta ɗauke ta a matsayin shaidar mallaka ba.

Dokar filaye ta ranar 6 ga Yulin 1974 ta tanadi cewa duk cinikin fili ko gida dole ne ya bi ta hannun noter, wato jami'in da hukuma ta ba hatimin tabbatar da irin wannan ciniki, in ba haka ba cinikin bai inganta ba. Dokar ta ƙara da cewa sayar da filin da ba a yi rajistarsa da sunan mai sayarwa ba, shi ma ɓatacce ne. Takarda ɗaya tilo da ke tabbatar da mallaka ita ce wadda jama'a ke kira titir fonsiye. Dokar 1976 ce ta tsara yadda ake samun ta, sannan gyaran da aka yi a watan Disambar 2005 ya sauko da aikin zuwa matakin gunduma, ta yadda mutumin Vina ko na Binuwai ba sai takardunsa sun je Yawunde ba.

Hanyoyin sun bambanta gwargwadon matsayin filin. Idan gidan yana da titir, noter ne zai shirya ciniki, a sauya suna, ko a yanki kason mai saye idan ɓangare ne na babban fili. Kafin a biya ko sisi, yana da kyau mai saye ya je ofishin ajiyar takardun filaye ya nemi shaidar da ke nuna sunan mai filin na yanzu, da kuma ko an jinginar da shi a banki. Idan kuma babu titir, dokar ta ba da damar yin rajista kai tsaye ga wanda ya zauna ko ya raya filin tun kafin 5 ga Agustan 1974. Wanda ya zo bayan haka, sai ya nemi gwamnati ta ba shi filin na wucin gadi, ya raya shi, kafin a tabbatar masa. A duka biyun akwai kwamitin da sufurefe ke jagoranta, tare da sarkin yankin da dattawansa, wanda kan zo ya ga filin da idonsa, ma'aikatan awo su kafa duwatsun iyaka, sannan a ba da lokaci ko akwai mai ja.

Mu da muka ga inda ƙarfinmu ya tsaya, ba mu yarda an je kotu ba. An zauna a zauren jauro tare da liman da dattawan unguwa har sau uku. Haƙƙin matar nan a bayyane yake, yayan nata kuma ya riga ya kashe kuɗin. A ƙarshe ya kawo abin da ya iya, mu muka cika sauran, dukkan magada suka sa hannu a sabuwar takarda. Kujerun nan da ba mu gama biyan kuɗinsu ba su muka sayar da asara domin mu haɗa abin da aka yanka mana.

Darasin da muka ɗauka, wanda kuma masu unguwannin da muka zanta da su suka nanata, shi ne gidan gado ba a sayensa daga bakin mutum ɗaya. A nemi sanin magada nawa ne, maza da mata, na gida da na nesa, kowa ya sa hannu ko ya wakilta a rubuce. A kuma kira maƙwabta na kowace kusurwa su tsaya a kan iyaka ranar ciniki.

Rufi, Ƙofa, Ruwa Da Wuta

Bayan takarda, abin da magina suka fi ja mana kunne a kai shi ne rufi. Ngawundere tana bisa tudu mai tsayin sama da mita 1,000, damina kan kama tun daga wajen Afrilu har zuwa Oktoba, ruwan da ke sauka a shekara kuwa yakan kai milimita 1,500. Gidan da ke yoyo a nan ba ya barin katifa ko kabad ko bango. Kafin a shigo da wani abu mai daraja, a sa kafinta ya hau sama ya duba kwano da ƙusoshi da katakon da ke riƙe da su. Gara ita ce babbar abokiyar gaba a jar ƙasar nan tamu, takan cinye katako ta ciki ta bar fatarsa kamar lafiyayye. Kafintoci kan shafa wa katakon rufi baƙin mai ko maganin gara kafin a buga, kuɗin kuma bai kai na kujera ɗaya ba. Sai a dubi inda ruwan indararo ke zuba, a yi masa hanya ya fita waje, a ɗaga dakali a gindin bango don kada danshi ya riƙa hawa. Siminti dai ana samun na Figil da wanda ake haurowa da shi daga Duwala, kuma buhu biyu ko uku sun isa wannan ɗan aiki.

Na biye shi ne ƙofa. Ba wanda ya san mutum nawa ne ke riƙe da makullin tsohon gida, don haka sauya kwaɗo da makullai aikin ranar farko ne. Idan katanga ta faɗi a wani gefe, ko da zana ce a kafa kafin a samu halin bulo, saboda mutuncin iyali.

Sai bayan gida da ruwan sha. A unguwannin da famfo bai kai ba, rijiya ce madogara, kuma sau da yawa mukan tarar an haƙa ta dab da masai, ko na gidan ko na maƙwabci ta bayan katanga. Ma'aikatan lafiya na ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakaninsu idan fili ya ba da dama, masai kuma ya kasance ta gangare. Waɗanda suka ga annobar kwalara ta 2010 a arewacin ƙasar nan ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani. Murfin rijiya da ɗaga bakinta sun fi talabijin gaggawa, musamman a gidan da ke da ƙananan yara. Haka nan gidan sauro, wanda gwamnati ta sha rabawa kyauta tun daga 2011, a ɗaura shi tun daren farko.

Game da wuta da famfo, a tafi da mai sayarwa ofisoshinsu a tabbatar babu tsohon bashi a kan mita, a kuma sauya suna. Mu mun gaji bashin watanni na wanda ya sayar mana, don ba mu tambaya ba. Sannan mai shirin sayen firji ya tuna cewa wutar arewa ta daɗe tana dogaro da madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982. Da ruwanta ya ja baya a 2021 an sha rabon wuta unguwa-unguwa, kuma duk da tashoshin hasken rana da aka buɗe a Marwa da Gidar a 2023, mai hankali ba ya haɗa firji ba tare da na'urar daidaita ƙarfin wuta ba. Ƙaramar fitila mai aiki da hasken rana, wadda yara za su yi karatu da ita a kuma caja waya, ta fi cancanta a fara da ita.

Kayan Ɗaki Na Wane Ne?

Akwai wani ɓangare da maza ba su cika son a taɓo ba. A al'adarmu iyayen amarya ne ke yi mata kayan ɗaki: gado da katifa da kabad da jeren kwanuka, tun zamanin samira da fanteka har zuwa na tangaram. Waɗannan kaya nata ne halak malak. Saboda haka idan aka tare a sabon gida, aka sauke kaya, sai magidanci ya lura cewa kusan duk abin da ya cika ɗaki na matarsa ne, shi kuwa daga akwatin tufafinsa sai rediyo da buta. Wannan ma na cikin abin da ke tunzura maza su ruga sayen kujeru, domin falo ne kaɗai wurin da za su nuna nasu.

Matan da suka kira mu a shirin sun tayar da wata magana mai nauyi. Da yawansu da kuɗin adashensu, ko na sana'ar cikin gida kamar ƙosai da ɗinki da kitso, aka sa ƙyauren ɗaki, aka yi daɓen tsakar gida, aka ja wuta. Wasu har 'yan kunnensu na zinariya suka sayar aka cika kuɗin gida. To amma babu inda aka rubuta. Ranar da aure ya mutu, ko mai gida ya rasu dangi suka zo rabon gado, sai a ce gida na miji ne, ita ta ɗauki gadonta da kwanukanta ta yi gaba. Malaman da muka tuntuɓa sun nuna cewa dukiyar mace tata ce, kuma abin da ta sa a gida ko dai kyauta ce, ko rance, ko tarayya, ya kamata tun farko a fayyace wanne ne a gaban shaidu.

Mu ma a rikicin da muka ambata, adashen uwargida ne ya cika abin da kuɗin kujeru bai kai ba. Mahaifiyarmu ce ta kira mu gefe ta ce, "Kai, ka rubuta mata. Yau kuna dariya, amma takarda ba ta mantuwa." Mun rubuta, ƙanenta da wani amininmu suka sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Babu abin da hakan ya rage a zamanmu.

Tsakanin Kafinta Da Kasuwa

Idan an kai ga sayen gado da kabad da kujeru, hanyoyi uku ne a gaban mai gida. Ta farko ita ce kafintan unguwa. Katakon da ake aiki da shi a nan daga dazukan Gabas yake zuwa, ta Belabo da Bertuwa, kuma iri-iri ne. Farin katako da ake kira ayus yana da araha da sauƙin aiki, amma gara da ƙwari ba sa raga masa. Sapeli ya fi shi ƙarfi, iroko kuma ya fi su jure gara da danshi, kuɗinsa ma ya fi. Kafintocin da muka zanta da su sun ce babban abin dubawa shi ne ko katakon ya bushe, domin ɗanyen katako da aka yi kabad da shi da damina, da zarar hunturu ya busa sai ƙofofinsa su karkace su ƙi rufuwa. Mai ba da aiki ya je ya ga katakon kafin a shafa masa fenti, ya ɗaga yadin kujera ya ga irin soson da aka sa. Kada kuma a ba da aiki ana saura wata ɗaya Sallah ko lokacin da bukukuwan aure suka yi yawa, kada a biya kuɗi duka tun aiki bai fara ba.

Hanya ta biyu ita ce shagunan burokanti, masu sayar da kayan gwanjo na Turai da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Duwala. Akan dace da abu mai ƙarko a can, sai dai babu mayarwa. Firji ko fanka a sa a kunna a gabanka, a jira a ga aikinsa. Katifa da kujerar gwanjo kuwa a bincika ɗinkinsu da kyau saboda kuɗin cizo, wanda idan ya shiga gida fitar da shi sai an sha wuya.

Ta uku ita ce kayan Nijeriya, irin su kujerun roba da bokitai da katifu da tukwane da ledar ƙasa, waɗanda ke shigowa daga Kano da Mubi da Yola. Bayan da darajar naira ta faɗi daga watan Yunin 2023, mai riƙe da sefa ya samu sauƙin irin waɗannan kaya, ko da yake kuɗin kwastan da na mota kan cinye wani ɓangare na sauƙin, musamman da litar fetur ta koma sefa 840 a Fabrairun 2024.

A Garwa Lissafin Daban Ne

Abokan aikinmu na Garwa sun tuna mana cewa abin da ya dace da Ngawundere ba lallai ya dace da su ba. Mu nan bargo muke nema a Disamba da Janairu, su kuwa a Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, iyali su koma kwana a tsakar gida. Don haka mai sabon gida a Jambutu ko Marware ko Rumde Ajiya, rumfa da randa da fanka da silin ne farkon buƙatarsa, sai dashen bishiyar darbejiya tun a daminar farko, domin inuwar da za a sha nan da shekara biyar yau ake shuka ta. Kujerar leda mai kauri da ke burge mutum a shago, a watan Afrilu ba mai iya zama a kanta.

Sai kuma batun ambaliya. Mutanen Garwa ba su manta da 2012 ba, lokacin da Binuwai ya cika ya batse, aka saki ruwan Lagdo, gidaje da gonaki masu yawa suka nutse. Dokar tsara birane ta watan Afrilun 2004 ta hana gini a wuraren da ke fuskantar ambaliya ko zaizayar ƙasa, kuma gidan da ke irin wannan wuri yana iya fuskantar rusau komai kyan kayan da ke cikinsa. Wannan ya shafi Ngawundere ma, a gefen rafin Sumsum da gindin duwatsu. Dillali ya fi son nuna gida da rani. Mai saye kuwa ya daure ya koma a watan Agusta bayan an ɗauke ruwa, ya dubi bango ko akwai layin da ruwa ya bari, ya tambayi tsofaffin unguwa.

Ɗauka Ɗaya, Aiki Ɗaya

A ƙasar da mafi ƙarancin albashin yawancin ma'aikatan kamfanoni aka tsayar da shi a sefa 60,000 a 2023, kaɗan ne za su iya cika gida da kaya a wata ɗaya ba tare da bashi ba. Dabarar da muka ga ta fi yi wa mutane aiki ita ce ta adashe mai manufa. A ce mutum goma suna zuba sefa 15,000 kowane wata, mai ɗauka zai tashi da 150,000 sau ɗaya a wata goma. Waɗanda suka ci ribar abin su ne masu yanke wa kowace ɗauka aiki guda tun kafin ta zo hannu, wannan ta rufi ce, mai zuwa ta masai da rijiya, ta bayanta ta takardu. Wasu ma ba sa bari kuɗin ya kwana a gida, daga wurin uwar adashe sai shagon kwano, saboda kuɗin da ya kwana a ɗaki ba ya rasa mai nema.

Akwai kuma abin da ba ya cin kuɗi da yawa amma yana da tasiri a zaman sabon wuri. A je a gai da jauro da limamin unguwa, a gabatar da kai. Uwargida ta shiga gidajen maƙwabta, a aika musu da ɗan abin sadakar tarewa ko da waina ce ko kunu. A daren da rufinmu ya yi yoyo, maƙwabcin da muka gaisa da shi sau biyu kacal ne ya fito da tocila da tsani da leda. A zaman sulhun da aka yi kuma, dattawan da muka je muka gaisar tun makon farko su ne suka tsaya aka yi mana sassauci wajen lokacin biya.

A halin yanzu an sauya kwanon falonmu da na ɗaki ɗaya, rijiya ta samu murfi, an tayar da katangar baya. Takardunmu suna gaban hukuma, muna bibiya. Falon kuwa darduma ce a shimfiɗe, da matasai huɗu da kujerun roba na dattawan da gwiwa ba ta barinsu zama a ƙasa. Baƙi suna zuwa, suna shan shayi, har yau ba wanda ya fasa dawowa saboda rashin kujera. Ɗauka mai zuwa ta ɗakin yara ce, domin sun girma, ya kamata a raba maza da mata. Kujeru sai wadda ke bayanta, in Allah Ya kai mu.

Muna kira ga masu shirin sayen gida da su ware wani abu daga cikin kuɗin tun kafin ciniki, domin takarda da gyaran farko, ko da hakan zai sa su sayi gidan da bai kai wanda suke buri girma ba. Muna kuma roƙon hukumomin filaye da masu unguwanni su riƙa fitowa gidajen rediyo suna yi wa jama'a bayanin waɗannan dokoki da Hausa da Fulatanci, domin da yawa daga cikin masu asarar gidajensu ba su taɓa jin labarin dokar 1974 ba sai a ranar da aka karanta musu ita a kotu. Waɗanda suka samu, Allah Ya sa rai aka yi wa. Waɗanda ke haya kuma, Allah Ya hore musu nasu.